Gurnani a Ƙofar Suruki

A duk faɗin Talata Mafara babu wanda bai san Basfar Malam Bawa Bakanike ba, wato babur ɗin da yake hawa. Shuɗiya ce, irin shuɗin da rana ta sha har ya koma fari-fari, kuma shekara goma sha huɗu tana hannunsa ba a taɓa ganin ta mutu a hanya ba. Mutane kan ce Malam Bawa ya fi gane tarinta a kan na iyalinsa, matarsa Marka kuwa ba ta taɓa musa wannan magana ba. Don haka ranar da aka ji ya ɗauke ta sukutum ya ba mijin 'yarsa, sai da aka kwana uku ana zancen a bakin kasuwa.

Mijin 'yar shi ne Hashimu, mutumin Bakura, wanda ya auri Taiba, 'yar farin Malam Bawa. Da aka saki ruwan madatsar Bakolori cikin magudanai, Hashimu ya sami aikin buɗe ƙofofin ruwa. Kullum yana bin bakin magudana, ya buɗe wa masu shinkafa, ya rufe wa masu alkama, ya sha faɗan masu albasa, duk a kan wani keke da sarƙarsa ke zamewa sau biyar kafin azahar. Wata rana ya zo gaisuwa Mafara riga sharkaf da gumi. Malam Bawa ya dube shi sama da ƙasa. Bayan mako guda sai ya aika a kira shi.

"Ga ta nan," in ji Malam Bawa, yana kallon wani gefe. "Ka shahe ta da tsumma, kar ka sa ta ruwa. In ka ji ta sake murya, ka kawo ta."

Hashimu yana durƙushe, kansa a ƙasa, takalmansa can nesa a bakin rumfa. "To, Baba. Na gode, Baba. Allah shi ƙara girma."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakaninsu in an cire gaisuwa. Kowa yana jin kunyar surukinsa, amma ta Hashimu ta wuce misali. Ba ya haɗa ido da tsohon, ba ya shan ko ruwa a gabansa, in sun haɗu a masallaci yakan nemi sahun da ya fi nisa. An saba cewa mutum ba ya wuce ƙofar suruki a kan abin hawa, sai ya sauka. Hashimu ya ƙara nasa a kai: tun daga nesa yake kashe inji, ya tura Basfar da hannu har ya wuce rumfar.

Wata biyu ya yi yana shafe ta da tsumma kamar yadda aka ce. To, amma hanyar bakin magudana jar ƙasa ce da taɓo, kuma ga ruwa maƙil kwance a gefenta, abin da mutanen wajen ba su taɓa gani da rani ba. Direbobin tarakta suna shigar da nasu ciki su wanke. Masu jakuna suna wanke jakuna. Wata Juma'a Hashimu ya dubi Basfar ta yi butu-butu, ya dubi ruwan, sai ya gangara da ita inda shanu ke sha har ruwa ya rufe rabin tayar baya, ya sa sabulu ya cuɗe ta. Da ta fito tana ƙyalli manoma suka bar aiki suna kallo. Daga ranar abin ya zama na kowace Juma'a. Ya gaya wa kansa cewa ruwan damina mai laka tsohon yake nufi, wannan kuwa ruwan gwamnati ne, tas da shi. Mai son abu ba ya rasa fatawa.

A wata na biyar ta fara gurnani. Ƙasa-ƙasa ne daga baya, kamar ana niƙa a gidan maƙwabta, in ya ƙara gudu ya ƙaru. Sai Taiba ta fara tarar da ɗigon baƙin mai a zaure in ta zo shara, daidai inda tayar baya ke kwana. Daga nan birki ya yi laushi. Ranar da abin ya kai maƙura, a kusa da Ruwan Gizo ne: jaki ya gitta, Hashimu ya taka birkin baya ya ji kamar ya taka tuwo, shi da Basfar suka zarce cikin fangalin albasar wani bawan Allah. Ba wanda ya ji ciwo sai albasa.

"Malam, kai ta ga Baba," in ji Taiba, tana cire masa ganyen albasa daga hula, tana danne dariya.

"In ce mishi mi?"

"Ka ce mishi tana kuka. Ai shi yac ce a kawo ta."

"In ya tambaye ni dalili hwa?"

Taiba ta san dalilin, don ita ke ba shi sabulun. Ta ci gaba da tsince ganyen albasa.

Abin da ke cin Hashimu ba kuɗin gyara ba ne. Mutum ya ɗauki abin da ya fi so a duniya ya ba ka, ya haɗa ka da magana ɗaya tak, kai kuma ka taka ta kowace Juma'a. Yana tsoron ranar da tsohon zai dube shi ya gane cewa ya ba da amanarsa ga wanda bai cancanta ba, kuma wanda aka ba Basfa shi aka ba Taiba. Wannan tunanin ya fi gurnanin hana shi sakat.

Sai ya kai ta wurin Audu mai gyaran keke a Bakura. Audu bai taɓa cewa bai iya ba tun da uwarsa ta haife shi. Ya leƙa, ya cusa man kaɗanya da yatsa duk inda yatsa ya shiga, ya ƙara ɗaure noti, ya karkaɗe hannu ya ce ta warke. Kwana uku ta yi shiru. A na huɗu ta dawo da gurnanin, ta ƙara da wani ƙwas-ƙwas in an sha kwana.

Wata uku Hashimu ya yi bai bi ta ƙofar surukinsa ba. Gaisuwa sai ta bakin Taiba. In aiki ya kai shi Mafara, yakan zagaya ta wani lungu bayan mahauta, ya shiga ya fita kamar ɓarawon akuya. Rannan, wata Talata, ya fito daga ofishin ruwa da hantsi, ya tarar wata babbar mota ta toshe lungun, ana loda mata albasa, direban ya tafi karin kumallo. Ranar kasuwa ce, ko'ina jama'a. Hanya ɗaya ta rage, wadda ta bi ta gaban rumfar Malam Bawa.

Ya tsaya yana lissafi. In ya wuce da inji a kunne, ƙarar injin za ta rufe gurnanin, amma ya wuce suruki a kan abin hawa, gara ƙasa ta tsage ya shige. In ya kashe ya tura, ya yi ladabi, amma gurnanin zai fito fili. Ladabi ya yi rinjaye. Ya kashe, ya sauka, ya fara turawa, nan take tayar ta ce gurrr, har wata mai dakan fura ta ɗago kai. Sai dabara ta faɗo masa, irin wadda ke faɗo wa mutum in ya ruɗe: ya kama ƙarfen bayan kujera ya ɗaga gindin Basfar sama don kada tayar ta juya. Ita kuwa Basfa duk nauyinta a baya yake. Haka ya iso gaban rumfar, hannu ɗaya riƙe da kanta, ɗaya a gindi, jijiyoyin wuya sun fito, yana tafiya a karkace kamar kaguwa.

Malam Bawa yana zaune a kan benci shi kaɗai. Yaran da ya koya wa aiki duk sun tafi aikin madatsa tun shekarun baya, ba wanda ya dawo. Ya kalli surukinsa har ya iso. Hashimu ya jingine Basfar, ya zame takalma, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau. An tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Baba. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Ina mutanen Bakura?"

"Suna lahiya, suna gaishe ku."

"Muna amsawa. Ina yarinyar ga?"

"Tana lahiya, Baba."

"Madalla. Ƙaƙa aiki? Ƙaƙa ruwa?"

"Alhamdu lillahi."

Tsohon bai rage ko ɗaya ba. Ya tambayi iyayen Hashimu, ya tambayi alkama, ya tambayi zafi. Sai da gaisuwa ta ƙare tas, sannan ya ce, "Tura ta in ji."

Taku uku Hashimu ya yi, tsohon ya ɗaga hannu. Ya tashi ya jawo wani guntun turmi ya tokare ƙasan injin har tayar baya ta bar ƙasa. Ya kama ta sama da ƙasa ya girgiza, ta ce ƙwas-ƙwas. Ya juya ta da hannu ya kara kunne, ya lumshe ido. Sannan ya zura yatsa bayan ƙwaryar birki ya fito da shi baƙi ƙirin, ya kai hanci.

"Wanga kuma man kaɗe na," ya ce. "Kaushi gare ta?"

Hashimu ya ji kamar ya narke.

"Boris ɗin da taya ka juyawa a kai ya tahi," in ji tsohon. "Robar da ka tare mai ita ma ta tahi, shi yas sa mai yab bi birki. Sai an raba inji biyu. Ni ko ban da kowa, sai kai. Tuɓe rigar ga."

Nan aka fara. Babban notin da ke riƙe da tayar ba ya kwancuwa sai an danne ta, birki kuwa ba ya kamawa, don haka aka sauke ta daga turmin, Malam Bawa ya tsuguna da sifana ya ce, "Hau ka zamna bisa, ka danne."

"Baba, ina bisa kana ƙasa?"

"Noti bai san suruki ba. Hau."

Hashimu ya hau yana neman gafarar Allah a zuci. Tsohon ya zare ɗan fin ɗin da ke kulle notin, ya sa sifana ya taka da ƙafa, notin ya yi ƙara ya saki. Ƙwaryar birki ta fito tana naso, takalman birkin da ke ciki sun sha mai sun yi laushi. Suka tsiyaye man injin a wani kwano. Suka kwance abin da za a kwance, kowane noti tsohon ya jera shi a kan tabarma bisa yadda ya fito, ya hana Hashimu taɓa jerin. Da aka raba injin, ya sa guntun katako a kan sandar ƙarfen da taya ke ɗaurewa, ya bubbuga a hankali har ta fice. Ya ɓanɓare tsohuwar robar, wadda leɓenta ya cinye ya tsattsage, ya cire zoben da ke tsare boris, ya buge shi ya faɗo a tafin hannunsa.

Ya jefa shi cikin kananzir ya wanke, ya fita bakin rumfa inda ke da haske, ya juya shi da yatsa. Yana cijewa kamar an zuba masa tsakuwa. Ƙwallayen ciki duk sun yi ja, sun yi rami-rami.

"Tsatsa ta," ya ce. "Ga kuma jan yashi. Abin da ka kwana cikin mai ba ya tsatsa."

Bai yi tambaya ba, ya dai tsaya riƙe da boris ɗin. Hashimu ya durƙusa a kan tabarma, hannuwa baƙi da mai, ya faɗi komai: Juma'ar farko, sabulu, mashayar shanu, fangalin albasa, Audu, har lungun bayan mahauta. Ya ƙare da cewa, "Ka ba ni amana, Baba, ban riƙe ba. In ka amshe ta, ka yi daidai."

Ya jira faɗa. Sai ya ji wani sauti da bai taɓa ji ba, ya saci kallo. Malam Bawa dariya yake yi, har ya dafa ginshiƙin rumfa, har Marka ta leƙo daga cikin gida ta ga ko lafiya.

"Wanka!" in ji tsohon yana share ido da gefen riga. "Ashe wanka ka kai mata! Ni ko wata takwas ina zamne nan ina jiran muryatta. Nac ce hala yaron ga ya ga hannuna ya tsuhwa, ya kai ta ga sabbin bakanikan tasha. Kunya ta hana ni tambaya. Ashe ni ina nan ina cin raina, kai kana can bayan mahauta kana cin naka."

Hashimu bai taɓa tunanin tsohon ma yana da abin tsoro ba. Wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, ya ji daɗi har ya rasa inda zai sa kansa, sai ya shiga goge sifanar da ba ta da datti.

Malam Bawa ya shiga ciki ya fito da wani gwangwanin madara. A ciki akwai sabon boris naɗe da takarda mai maiƙo, da sabuwar roba, da takalman birki. Tun makon da ya ba da Basfar ya sayo su a Gusau ya ajiye. Ya sa boris ɗin a ƙaramin gwangwani mai murfi, ya miƙa wa Marka ya ce ta nutsa shi cikin randa. Marka ta ce randarta ta ruwan sha ce, ba ta ƙarfe ba, amma ta karɓa. Ya aro garwashi wurin mai shayi ya ɗora ɓarin injin a kai.

"Ƙarhe in ya ji wuta shina buɗewa, in ya ji sanyi shina tsukewa," ya ce. "Wanda bai da haƙuri shi ka sa guduma."

Suna cikin jira aka yi kiran azahar. Da suka dawo daga masallaci, ga ƙwaryar fura da nono Marka ta ajiye, da ludayi biyu. Hashimu ya ce ya ƙoshi, cikinsa kuwa ya ƙaryata shi da ƙarfi. Tsohon ya dubi ƙwaryar, ya dube shi, sai ya juya ya fuskanci bango.

"Ni bangon ga nika dibi," ya ce. "Abin da ad bayana ban san shi ba."

Haka suka sha, baya da baya, ƙwarya a gefe tsakaninsu, kowa yana miƙa ludayi ba ya waiwaye. Hashimu bai taɓa shan fura mai daɗin wannan ba.

Da ɓarin injin ya yi zafin da tofin yawu ke tsalle a kansa, aka ɗauko boris daga randa, sanyi ƙalau. Tsohon ya saita shi a ramin, ya ɗan taɓa da katako, ya shige ya zauna daram. Ya mayar da zobe. Sannan ya miƙa wa Hashimu robar.

"Kai za ka sa ta. Diba, gehen da ad da ɗan zaren ƙarhe shi ka kallon ciki, wajen mai. In ka juya ta, aikin banza anka yi. Shahwa ma leɓenta mai."

Hashimu ya shafa, ya ɗora, ta karkace. Sai ya ji hannun tsohon a kan nasa, mai kaushi, mai ɗumi, ya gyara masa zaman yatsu. Suka ɗora tsohon boris a kanta suka bubbuga ta kewaye, kaɗan-kaɗan, har ta yi daidai da bakin ramin. Takalman birkin da suka sha mai kuwa Malam Bawa ya wurga su bayan rumfa. Ya ce wasu suna ƙona su da fetur su mayar, shi ba ya wasa da abin da ke tsayar da mijin 'yarsa.

Sai bayan la'asar aka gama haɗawa. Aka zuba sabon mai, aka ɗaure babban noti, aka sa sabon fin. Bugu ɗaya ta tashi. Hashimu ya matsa gefe don tsohon ya hau ya gwada, amma Malam Bawa ya girgiza kai.

"Mai tuƙi ba shi jin boris. Sai wanda ad baya."

Ya tattare babbar rigarsa, ya ɗaga ƙafa, ya haye kujerar baya, ya dafa kafaɗun surukinsa da hannu biyu. "Mu tahi."

Ranar Talata, kasuwa ba ta watse ba. Suka ratsa ta tsakiyarta. Masu albasa suka miƙe, mahauta suka bar nama, wani tsoho ya ɗaga sanda yana cewa, "Malam Bawa, kai da wa nika gani haka?" Malam Bawa ya amsa da ƙarfi, "Ni da ɗana!" Hashimu ya ji kunnuwansa sun yi zafi, bakinsa kuma ya ƙi rufuwa.

Da suka fita gari suka kai wata 'yar gangara, tsohon ya ce ya kashe inji. Ya kashe. Basfar ta ci gaba da gangarawa, babu abin da ake ji sai shuuu na taya a kan ƙasa da kukan balbelu can cikin shinkafa.

"Ka ji?" in ji Malam Bawa.

"Ban ji komi ba, Baba."

"Shi na aikin. Taka birki."

Hashimu ya taka da irin ƙarfin da ya saba taka lalatacce. Basfar ta tsaya cak, goshin tsohon ya daki bayan Hashimu, hularsa ta yi gaba ta faɗa cikin ciyawa. Su biyun suka fashe da dariya a tsakiyar hanya, wani mai amalanke ya zagaye su yana girgiza kai.

Da suka dawo, Marka tana bakin ƙofa ta rufe baki da gefen mayafi. Malam Bawa ya sauka, ya karkaɗe riga, ya koma kan bencinsa, fuskarsa ta koma yadda aka san ta. Hashimu ya durƙusa ya yi godiya, ya yi sallama mai tsawo kamar yadda ya kamata. Ya miƙe zai tafi, tsohon ya yi gyaran murya.

"Talata mai zuwa ka kawo ta."

"To, Baba. Akwai sauran gyara?"

Malam Bawa ya sunkuya yana tattara sifanu ɗaya bayan ɗaya cikin akwati, bai ɗago ba.

"Babu," ya ce. "Ka dai kawo ta."